Ƙarancin jini a jikin mai famfon zuciya: ina jinin yake tafiya?

Idan jinin lafiyayyen mutum ya yi ƙasa, zuciyarsa ce ke fara cike giɓin tun kafin shi kansa ya farga. Takan ƙara saurin bugu, ta ƙara yawan abin da take turawa a kowane bugu, sai ɗan jinin da ya rage ya riƙa zagaya jiki sau da yawa fiye da yadda ya saba. Shi ya sa za a ga mutum jininsa ya ragu ƙwarai amma yana ta harkokinsa, in ban da hakin da yake yi in ya hau bene. Majinyacin da aka dasa wa famfon zuciya ba shi da wannan gata, ko kuma abin da ya rage masa daga ciki kaɗan ne. Famfon yana juyawa ne a kan saurin da likita ya saita masa, ko jini ya cika ko ya ragu, ko mai shi yana kwance ko yana tafiya. Don haka ƙarancin jini, wanda a wurin wasu ƙaramar matsala ce da ake sha wa ƙwaya ta wuce, a wurin waɗannan mutane babban lamari ne.

Na'urar da ake magana a kanta likitoci na kiranta LVAD a taƙaice, kuma da yawa suna ɗauka zuciyar roba ce. Zuciyar mutum tana nan inda take. Abin da ake yi shi ne a huda ƙasan ɗakinta na hagu, wato ɗakin da ke tura jini zuwa ga dukkan jiki, a maƙala ƙaramin famfo a wurin. Famfon yana zuƙo jini daga ɗakin ya tura shi ta wani bututu zuwa babbar jijiyar da ke fita daga zuciya. Wata waya kuma tana ratso fatar ciki ta fito waje, ta haɗu da ƙaramar kwamfuta da batura da majinyaci ke rataye da su dare da rana. Ana sa wa wanda zuciyarsa ta gaza har magunguna suka daina yi masa aiki: wani don ya jira a samu zuciyar da za a dasa masa, wani kuwa da famfon zai ƙarasa rayuwarsa.

Tun a 1966 likitan tiyata Michael DeBakey ya yi nasarar tallafar zuciyar wata majinyaciya da irin wannan famfo a Houston ta Amurka, amma na 'yan kwanaki ne. Sai a 2001 gwajin da aka sa wa suna REMATCH, mai majinyata 129, ya nuna cewa na'urar tana tsawaita rai: kashi 52 cikin 100 na waɗanda aka sa wa sun kai shekara guda, alhali a cikin masu shan magani kawai kashi 25 ne suka kai. Famfunan wancan lokaci manya ne, suna cika su matse kamar yadda zuciya ke yi, kuma suna saurin lalacewa. Waɗanda suka gaje su ƙanana ne, masu farfela a ciki da ke juyawa sau dubbai a minti guda, suna tura jini ba tare da tsayawa ba. Irinsa aka sa wa tsohon mataimakin shugaban Amurka Dick Cheney a 2010, ya zauna da shi har aka yi masa dashen zuciya a 2012. Mai irin wannan famfo sau da yawa in ka taɓa wuyan hannunsa ba za ka ji bugun jijiya ba. A yau famfon da ake kira HeartMate 3 ne ya mamaye fagen, musamman tunda kamfanin Medtronic ya janye nasa famfon HVAD daga kasuwa a watan Yunin 2021. A rahoton shekara biyar na gwajin MOMENTUM 3, wanda ya fito a 2022, kusan kashi 58 cikin 100 na masu HeartMate 3 suna raye. Da mutane suka fara daɗewa haka, sai hankali ya koma kan abin da ke dawo da su gadon asibiti, kuma zubar jini da ƙarancinsa suna sahun gaba.

Ɗan lissafi zai nuna girman abin. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa namiji baligi yana da ƙarancin jini idan himogulobin ɗinsa, wato jan sinadarin da ke ɗaukar oksijin, ya gaza giram 13 a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) ta jini, mace marar ciki kuwa giram 12. Kowane giram guda yana ɗaukar kimanin mililita 1.34 na oksijin. A ce famfo yana tura lita 5 a minti. In himogulobin yana 14, jiki zai samu wajen mililita 940 na oksijin a minti. In ya sauka zuwa 8, abin zai dawo wajen 540. Jikin da ke hutawa yana cin kimanin 250, saboda haka a kwance ba za a ga komai ba. Da zarar mutum ya miƙe zai yi tafiya, tsoka ta nemi ninki biyu ko uku, sai a tarar babu rara. Gaskiya ne abin da famfon ke turawa yana ɗan ƙaruwa in jini ya fi kwarara zuwa gare shi, ita ma zuciyar tana ɗan taimakawa da sauran ƙarfinta, amma bai kai kusa da abin da lafiyayyar zuciya ke yi ba. Ga kuma magungunan rage saurin bugu da yawancinsu ke sha. Mutum ya sha babbar tiyata don ya daina haki, sai ga haki ya dawo ta wata ƙofa.

Akasarin majinyatan da ƙarancin jininsu suke shiga ɗakin tiyata. Zuciyar da ta daɗe tana gazawa ba ta kai wa ƙoda isasshen jini, ita kuwa ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Doguwar jinya tana sa jiki cikin wani kumburi na ciki da ba a gani da ido, wanda ke sa hanta ta yawaita fitar da wani sinadari mai suna hefsidin. Aikin hefsidin shi ne ya rufe hanyar da sinadarin ƙarfe ke bi daga hanji zuwa jini, ya kuma kulle wanda ke ajiye a jiki, sai ɓargo ya rasa abin aiki alhali ma'ajiyar ba ta ƙare ba. Hanjin kansa ya kumbura da ruwa, ba ya tsotsar abinci yadda ya kamata, ga rashin cin abincin. Wani lokaci ma ƙwayoyin ba su ragu sosai ba, ruwa ne ya taru a jijiyoyi ya tsarma jinin, sai awo ya nuna ƙasa. A ƙara da ɗibar jinin gwaji da ake yi kullum a sashen kulawa ta musamman, sannan tiyatar kanta, wadda galibi ake tsaga ƙirji a haɗa mutum da injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu.

Abin da ake sa rai shi ne bayan 'yan watanni, da ƙoda ta sami jini, kumburi ya lafa, mutum ya koma cin abinci, himogulobin zai farfaɗo. Ga wasu haka ake yi. Amma wani ɗan ƙaramin bincike daga cibiyar zuciya ta Texas a 2009 ya gano kusan rabin majinyatan har bayan wata shida suna da ƙarancin jini, kuma waɗannan ɗin ba su kai sauran daɗewa ba. Binciken da suka biyo baya a wurare daban-daban sun yi ta maimaita irin wannan hoto: mai ƙarancin jini ya fi komawa asibiti, ya fi gajiya, ya fi fuskantar mutuwa.

To, bayan tiyata ta warke, ina jinin yake tafiya? Babbar ƙofar ita ce hanji, kuma labarinta ya girmi famfon. A 1958 wani likita Ba'amurke, Edward Heyde, ya rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa wata mujallar likitanci yana cewa ya lura tsofaffin da murfin babbar jijiyar zuciyarsu ya tsuke suna yawan zubar da jini ta hanji ba tare da an ga dalili ba. An shafe shekaru da dama kafin a gane alaƙar. Akwai wani furotin a jini da ake kira da sunan Erik von Willebrand, likitan ƙasar Finlan da ya bayyana cutar rashinsa a 1926 bayan ya bi diddigin wani dangi a tsibiran Aland da zubar jini ke kashe 'ya'yansu. Furotin ɗin kamar dogon zare yake da aka nannaɗe aka dunƙule, yana yawo a cikin jini. In jijiya ta ji rauni, jini yana fita da ƙarfi, sai ƙarfin nan ya warware zaren, ya miƙe, ya kama bakin raunin, ƙananan ƙwayoyin da ke toshe rauni su zo su maƙale masa. Iya tsawonsa iya amfaninsa. Jiki kuma yana da wani sinadari, ADAMTS13, mai datse zaren idan ya warware, don kada ya yi ta haɗa gudaji inda ba a buƙata.

Murfin da ya tsuke yana tilasta wa jini ya bi ta ƙaramar kafa da gudu, sai zaren ya riƙa warwarewa ba rauni ba komai, ana datse shi. Famfon zuciya yana yin wannan aiki ninkin-ba-ninkin. Kowane ɗigon jini sai ya ratsa tsakanin farfela mai gudu da bangon ƙarfe, ya sake dawowa bayan minti guda, haka dare da rana. Kusan duk mai famfon da ba ya tsayawa, in aka auna jininsa, za a tarar dogayen zaruruwan sun ɓace. Ba a haife shi da cutar von Willebrand ba, na'ura ce ta sa masa, kuma in aka cire famfon ko aka yi dashen zuciya furotin ɗin yana komawa daidai.

Sai dai wannan kaɗai bai isa bayani ba, tunda kusan kowa ya rasa dogayen zaruruwan amma ba kowa ke zubar da jini ba. Dole sai akwai inda zai zubo. A bangon ciki da ƙaramin hanji, da cikin hanci ma, wasu ƙananan jijiyoyi suna buɗewa su harɗe, bangonsu ya yi siriri, su zauna dab da saman bangon inda ɗan gurzawa kaɗan ke fasa su. Ana danganta tsirowarsu da abubuwa fiye da ɗaya. Rashin bugu yana canza yadda ƙananan jijiyoyi ke matsewa da sakewa. Shi kansa furotin ɗin von Willebrand yana da hannu wajen tsawatar wa tsirowar sababbin jijiyoyi, don haka datse shi ya cire wani birki. Masu bincike a Jami'ar Chicago sun ruwaito a 2016 cewa wani sinadari mai suna anjiyopoyetin-2, wanda ke sa jijiyoyi su tsiro da rauni, yana da yawa a jinin masu famfo. In kuma ɓangaren dama na zuciya ya gaza, jini ya taru a jijiyoyin hanji, matsin ya ƙaru. A kan duk wannan sai a ɗora wafarin, maganin tsinka jini da kowane mai famfo ke sha don kada gudan jini ya toshe na'urar ko ya tafi ƙwaƙwalwa. Jijiya mai rauni, jini marar abin toshewa, ga magani mai hana daskarewa. Ko da HeartMate 3, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ya zubar da jini ta hanji cikin shekara biyu a gwajin MOMENTUM 3, kashi 24.5 cikin 100, a kan kashi 30.9 na tsohon HeartMate II.

Zubar da ake gani, ta amai ko ta baƙin bayan gida mai danƙo da wari, ita ke kai mutum asibiti da gaggawa. Wadda ba a gani ta fi yawa. Kowace mililita ta jini tana ɗauke da kusan rabin miligiram na sinadarin ƙarfe, hanji kuwa a al'ada miligiram ɗaya zuwa biyu yake tsotsa a yini. Mutumin da ke yoyon mililita goma kullum, abin da ba zai canza launin bayan gida ba, yana asarar miligiram biyar. Cikin watanni ma'ajiya ta ƙare, ƙwayoyin da ɓargo ke ƙerawa su fito ƙanana kuma koɗaɗɗu.

Ƙofa ta biyu ta fi ƙanƙanta amma ta fi ban tsoro, ita ce fashewar jajayen ƙwayoyi a cikin famfon. Jan ƙwaya tana rayuwa kwana 120 a jikin lafiyayye. Famfon da ke aiki daidai yana ɗan taƙaita wannan, ɓargo kuma ya cike. Amma in gudan jini ya fara taruwa a kan farfela, hanya ta tsuke, sai ƙwayoyi su riƙa farfashewa da yawa. Fitsari ya koma launin ja mai duhu, idanu su yi rawaya, wani sinadari da ake aunawa mai suna LDH ya yi tashin gwauron zabi. Himogulobin da ya zube a fili yana cutar da ƙoda, yana kuma cinye iskar da jijiyoyi ke fitarwa don su sake jiki, sai su matse, jini ya ƙara son daskarewa. An ga muhimmancin wannan a rahoton da cibiyoyi uku na Amurka suka fitar a farkon 2014, ciki har da Cleveland Clinic da Jami'ar Duke: toshewar HeartMate II cikin wata uku na farko ta tashi daga kashi 2.2 kafin Maris 2011 zuwa kashi 8.4 a Janairun 2013, kuma hawan LDH yana riga toshewar bayyana da makonni. A nan ne HeartMate 3 ya yi rawar gani. Farfelarsa tana shawagi ne a kan ƙarfin maganaɗisu, ba ta taɓa komai, ratar da jini ke bi tana da faɗi, kuma kowane daƙiƙa biyu tana sauya gudu don ta wanke kanta. A gwajin MOMENTUM 3 toshewa ta faɗo daga kashi 13.9 na HeartMate II zuwa 1.4 na HeartMate 3.

Abin lura shi ne waɗannan ƙofofi biyu maganinsu kishiyar juna ne. Mai yoyon hanji a rage masa maganin tsinka jini, mai fashewar ƙwayoyi a ƙara masa. Dukansu biyu takardar gwaji za ta nuna himogulobin 8. Likitan da ya kalli lambar kawai bai tambayi inda ta fito ba zai iya kashe majinyaci da kyakkyawar niyya. Gaba kura baya sayaki ne a zahiri, don an lura cewa wanda aka dakatar wa wafarin saboda zubar jini yana cikin haɗarin gudan jini ko shanyewar ɓarin jiki a watannin da ke biye.

Akwai kuma tambayar da ake yawan tsallakewa. Da aka ce masu ƙarancin jini sun fi mutuwa, shin ƙarancin jinin ne ke kashe su, ko kuwa alama ce ta abin da ke kashe su? Wanda ƙodarsa ta lalace, wanda ƙwayoyin cuta suka kama wurin da waya ta fito suka ƙi jin magani, wanda ɓangaren dama na zuciyarsa ya gaza, duk jininsu zai yi ƙasa, kuma duk suna cikin haɗari ko da jinin ya cika. Binciken da ke bin bayanan asibiti kawai ba zai iya raba waɗannan ba komai ƙwarewar masu lissafi. Hanya ɗaya ita ce a ɗaga himogulobin da gangan a ga ko an tsira.

An gwada, a masu gazawar zuciya da ba su da famfo. Gwajin RED-HF, wanda aka wallafa a 2013, ya ɗauki mutum 2,278 masu himogulobin tsakanin 9 da 12, aka ba rabinsu allurar dabepoyetin, wadda ke kwaikwayon sinadarin ƙoda mai zaburar da ɓargo. Himogulobin ya hau kamar yadda ake so. Mutuwa ba ta ragu ba, kwanciya asibiti ba ta ragu ba, gudajin jini kuwa suka ƙaru, kashi 13.5 a kan kashi 10. Bayan shekara biyu likitoci a St. Louis ta Amurka suka duba bayanan masu HeartMate II da aka yi wa irin wannan allura, suka ga sun fi samun alamun toshewar famfo kuma sun fi mutuwa. Ba gwaji ne na raba mutane kashi biyu ba, don haka ana iya cewa marasa lafiyan da suka fi jigata ne aka yi wa allurar tun farko. Duk da haka, haɗe da sakamakon RED-HF, ya isa ya sa yawancin cibiyoyi su yi kaffa-kaffa da ita. A ganina wannan shi ne darasi mafi nauyi a dukkan maganar: an gyara lambar da ke kan takarda, majinyaci bai amfana ba.

Ƙarin jini shi ne abin da hankali ke fara kawowa, kuma in mutum yana zubarwa da yawa babu zaɓi. Leda guda tana ɗaga himogulobin da kusan giram ɗaya. Amma ga mai jiran dashen zuciya kowace leda tana da farashin da ba na kuɗi ba. Jinin wani yana zuwa da alamomin jikin mai shi, garkuwar majinyaci kuma tana iya koyon ƙin waɗannan alamomi. Ranar da aka sami zuciya, in tana ɗauke da alamar da jikinsa ya riga ya tsana, ba za a ba shi ba, sai jira ya ƙaru. Tace fararen ƙwayoyi daga jinin kafin a ƙara yana rage wannan haɗari amma ba ya kawar da shi. Ga kuma ɓangaren dama na zuciya, wanda famfon bai taimaka masa ba, da zai iya kasa ɗaukar ruwan da aka ƙara da sauri. Shi ya sa asibitoci da yawa ba sa ƙara jini sai himogulobin ya sauka wajen 7 ko 8, ko kuma alamu sun tilasta.

Sinadarin ƙarfe ya fi ba da fata. A masu gazawar zuciya ana cewa akwai ƙarancinsa in awon ma'ajiya, wato feritin, ya gaza 100, ko yana tsakanin 100 da 299 amma abin da ke yawo a jini ya gaza kashi 20 na abin da jinin zai iya ɗauka. An ɗaga ma'aunin haka ne saboda kumburi yana hauhawar da feritin, sai ya ɓoye ƙarancin. Gwajin FAIR-HF na 2009 ya nuna cewa ba da ƙarfen ta jijiya yana rage gajiya ya ƙara nisan tafiya, har ga waɗanda himogulobin ɗinsu bai yi ƙasa ba, domin tsoka ma tana buƙatarsa don kanta. Ƙarfen da ake sha ta baki kuwa, gwajin IRONOUT na 2017 ya nuna bai taɓuka komai ba, hefsidin ya tare hanya. Ga mai famfo ƙwayar sha tana da wani aibu kuma: tana baƙanta bayan gida, ta rikitar da alamar da aka ce ya riƙa lura da ita. Waɗannan manyan gwaje-gwaje a kan marasa famfo aka yi su, abin da ake da shi a kan masu famfo rahotanni ne ƙanana, amma hankali yana karɓar cewa wanda ke yoyon ƙarfe kullum a mayar masa. Ana dai jinkirtawa in akwai ƙwayoyin cuta a jini, don su ma ƙarfe abincinsu ne.

Neman inda ke yoyon aiki ne mai cin rai. Ana zura kyamara ta baki, a zura ta dubura, in ba a gani ba a ba mutum ya haɗiyi ƙaramar kyamara mai siffar ƙwayar magani ta ratsa ƙaramin hanji. In an ga jijiyar sai a ƙone ta. Matsalar ita ce ba guda ɗaya ba ce, kuma abin da ya tsiro da ita yana nan yana juyawa a ƙirji, don haka wanda ya zubar sau ɗaya yakan sake. Ga masu maimaitawa ana gwada allurar oktiriyotayid, wadda ke rage jinin da ke zuwa hanji. Ana ma gwada talidomayid, maganin nan da ya nakasa dubban jarirai a ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon na 1960, don hana jijiyoyi tsirowa da yake yi shi ne ake nema a nan. Hujjojin duka biyun ba su da yawa.

Ci gaba mafi tabbas a 'yan shekarun nan ta hanyar ragi ya zo. Shekara da shekaru ana haɗa wa masu famfo wafarin da asfirin, al'adar da aka gada daga zamanin famfunan da ke yawan toshewa. Da HeartMate 3 ya kusan kawar da toshewa, sai Mandeep Mehra na Boston da abokan aikinsa suka tambaya ko asfirin ɗin yana da sauran amfani. Gwajin ARIES-HM3 ya raba majinyata 628 gida biyu, kowa yana shan wafarin, rabi suna ƙarawa da asfirin miligiram 100, rabi kuma ƙwayar da babu magani a cikinta. Sakamakon ya fito a Nuwamban 2023. Bayan shekara guda, kashi 74 na marasa shan asfirin suna raye ba tare da babbar zubar jini ko gudan jini ba, a kan kashi 68 na masu sha. Zubar jini ta ragu da kashi 34 cikin 100, shanyewar ɓarin jiki da toshewar famfo ba su ƙaru ba. Ƙwaya ce mai arha da kowa ya ɗauka kariya ce, ashe tana cikin masu buɗe ƙofar. Wannan fa ga HeartMate 3 ne kawai, kuma shawara ce ta likitan da ke kula da famfon, ba abin da majinyaci zai yanke wa kansa ba.

Wani abu da ke ƙara wahalar sa ido shi ne alamomin da aka saba dogaro da su ba sa aiki sosai a nan. Saurin bugun jijiya, wanda ke tona asirin zubar jini a jikin kowa, ba a jinsa. Abin awon oksijin da ake maƙalawa a yatsa da bugu yake aiki, sau da yawa sai ya ƙi karantawa. Ma'aunin hawan jini sai an nemo shi da na'urar sauraren kwararar jini. Na'urar kanta takan yi magana: in jini ya ragu a jijiyoyi ɗakin hagu ba ya cika, kwamfuta ta yi ƙarar cewa abin da ke wucewa ya yi ƙasa, wani lokaci famfon ya zuƙo bangon zuciya ya jawo rikicewar bugu. Amma ita ma lambar da ke kan allo ƙiyasi ce. HeartMate 3 ba shi da ma'aunin da ke auna kwarara kai tsaye, yana lissafa ta ne daga saurin juyi da wutar da yake ci da kaurin jini, kaurin kuwa ma'aikaci ne ke shigar da shi da hannu daga sakamakon gwaji. In jini ya sauka ba a sabunta lambar ba, allon zai nuna abin da ba haka yake ba. Don haka ake koya wa majinyaci da mai jinyarsa su lura da abubuwan da ba sa buƙatar na'ura: jiri in an miƙe, gajiyar da ba a saba ba, haɓon da ya ƙi tsayawa, launin bayan gida, launin fitsari.

Bayan asfirin, ido ya koma kan wafarin kansa. Ma'aunin tsinkewar jini da ake nema ga masu HeartMate 3 yawanci tsakanin 2 da 3 ne, kuma riƙe mutum a cikin wannan iyaka yana da wuya, don abinci da wasu magunguna da halin da hanta ke ciki duk suna motsa shi. A Prague ta Jamhuriyar Cek an gwada saukar da shi zuwa tsakanin 1.5 da 1.9 a majinyata 15 ba tare da an ga toshewa ba, kamar yadda aka wallafa a 2018. Sababbin magungunan tsinka jini da ba sa buƙatar yawan awo sun fara da ƙafar hagu, don gwajin dabigatiran da aka yi a Vienna a kan famfon HVAD an dakatar da shi da wuri saboda gudajin jini. Apiksaban ya fi nuna alamar alheri a ƙananan gwaje-gwaje biyu da aka wallafa a 2024, ɗaya a Prague ɗaya a Amurka, amma mutanen da ke cikinsu 'yan gomomi ne, kuma wafarin ne har yanzu ake rubuta wa mai famfo ranar da za a sallame shi.